Ajiyar da ba a korawa cikin dare: amsa ga wani tela daga Badarawa

Tambaya: Ni tela ne a Badarawa, ƙaramar hukumar Shinkafi. Shekaruna 41, ina da mata da 'ya'ya bakwai. Abin da na tara a ɗinki na shekara goma sha biyar, shanu huɗu na saya na ba da kiwo, dare ɗaya aka kore su. Yanzu idona ya fara rauni, sai yaro ya zura mini zare a allura. Na ji a rediyo wai mai sana'ar hannu ma yana iya shiga fansho. Gaskiya ne? Kuma ba kuɗin ruwa ba ne?

Amsa: Allah ya mayar maka da alherinsa, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta satar shanu. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ka yi tambaya a kan kari, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu fara da inda matsalar take. Kakanninmu sun san tanadi sarai. Bankin Bahaushe shi ne saniya, da rumbu, da adashi, da 'yan kunnen uwargida. Amma daga Zurmi zuwa Shinkafi har Ƙaura Namoda, mun ga yadda waɗannan suka zama abin da ido ke gani, hannu ke kaiwa. Saniya ana korar ta, rumbu ana cinna masa wuta, uwar adashi kuma tana iya yin gudun hijira da littafinta, 'yan zubi su watse. Ko a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara aka rufe kasuwannin mako-mako, mai dabba ya wayi gari da dukiya a turke amma babu inda zai sayar. Saboda haka mai sana'a a yankinmu yana bukatar wani kaso na guminsa ya zauna inda ɓarawo ba ya gani, inda kuma zai bi shi ko da ya koma Gusau ko Sakkwato.

Dokar fansho ta 2014 ta buɗe wannan ƙofa ga masu cin gashin kansu, kuma a watan Maris na 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tsarin da aka sa wa suna Micro Pension Plan, ƙarƙashin hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. A 2025 hukumar ta sabunta shi da sunan Personal Pension Plan. Duk wanda ya kai shekara 18 kuma yana da hanyar samu ta halal zai iya shiga: tela, mahauci, ɗan acaɓa, manomin albasa, mai ƙosai, dillalin hatsi. Babu tilas, babu adadin da aka yanka maka. Kana iya zubi kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, ko kuma ka jira kaka ka zuba a dunƙule.

Ka gane wani abu tun yanzu. Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai gidansa ya ƙara kashi 10. Kai ba ka da mai gidan da zai ƙara maka, gwamnati kuma ba ta raba kyauta a ciki. Abin da ka zuba, da ribar da aka samu wajen juya shi, shi ne naka. Duk wanda ya ce maka ka kawo dubu biyar gwamnati za ta ninka maka, ɗan damfara ne.

Na san abin da ke ranka: ka ga tsofaffin ma'aikata suna layi a rana suna jiran haƙƙinsu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Bambancin shi ne, a wannan tsari kuɗinka ba ya shiga baitulmalin jiha ko na tarayya. Ana buɗe maka asusu da sunanka da lambarka ta kanka, wadda ke farawa da haruffan PEN. Kamfanin fansho mai lasisi shi ke lura da asusun da juya kuɗin, amma wani kamfani ne daban, ma'aji, ke riƙe da su. Mai lissafi daban, mai riƙe da jaka daban, hukuma kuma tana sa ido a kan su biyun. In kamfanin da ka zaɓa bai gamsar da kai ba, doka ta ba ka damar komawa wani sau ɗaya a shekara.

Abin da ya fi dacewa da rayuwar mai sana'a shi ne yadda ake raba zubin gida biyu. Lokacin da aka fara tsarin, kashi 40 na kowane zubi ana ajiye shi don ta-ɓaci, kashi 60 kuma don tsufa. Wato a wancan rabon, in ka zuba naira dubu, ɗari huɗu kana iya cirarsu idan keken ɗinki ya lalace ko yaro ya kwanta, bayan ka yi wata uku da fara zubi. Ɗari shida kuwa sai ka kai shekara 50, ko rashin lafiya ta hana ka aiki. Tunda an sabunta tsarin, ka sa wakilin kamfani ya nuna maka rabon da ake aiki da shi yau a rubuce kafin ka sa hannu. Wannan kulle da aka yi wa kason tsufa shi ne amfanin abin. Kuɗin da ke cikin akwatin shago, biki ɗaya da suna biyu sun isa su cinye shi.

Sai batun kuɗin ruwa, kuma haƙƙinka ne ka tambaya. Asusun fansho na gama-gari ana juya mafi yawansa a takardun bashin gwamnati masu ruwa. Don haka ne a 2021 hukumar ta fito da wani asusu da ake kira asusu na shida, wanda ake juyawa ta hanyoyin da babu ruwa a ciki, kamar sukuk, irin wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Kada ka ji kunyar cewa: "Ni marar ruwa nake so, a ina za a sa kuɗina?" In ba a ba ka amsar da ta kwantar maka da hankali ba, ka nemi wani kamfanin. Ka kuma kai bayanin ga malamin da ka amince da iliminsa, ka tambaye shi har hukuncin zakkar wannan ajiya.

Ga matakan da za ka bi. Na farko, ka tanadi lambarka ta NIN, da BVN, da hoton fasfo, da layin waya mai rajista da sunanka. Ka duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a dukkansu. Muhammadu a nan, Mamman a can, shi ke wahalar da mutane ranar karɓa. Na biyu, ka tabbatar kamfanin yana cikin jerin waɗanda PenCom ta ba lasisi; ɗalibi mai waya zai duba maka a shafin hukumar na intanet. Na uku, in za ka je ofishinsu a Gusau, ka haɗa da wata tafiyar da ta zama dole, domin mun san halin hanya, kuma ka fara tambaya ko za a iya yi maka rajista ta waya. Na huɗu, kada ka taɓa danƙa wa mutum tsabar kuɗi wai zai kai maka. Ka tura ta banki ko wajen mai POS zuwa asusun da kamfani ya ba ka, ka riƙe rasit, ka jira saƙon tabbaci a wayarka. Na biyar, ka sanar da maiɗakinka da babban ɗanka, ka rubuta lambar a wuri biyu. In ta Allah ta kasance, kuɗin na magada ne, ana biyansu bayan sun kawo takardun kotu, a raba yadda shari'a ta tsara.

Nawa za ka zuba? Abin da ba zai hana tukunya tafasa ba. In kowace Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, ka ware naira dubu, a shekara ka tara 52,000. A shekara goma sha biyar 780,000, ban da riba. Ga tela, lokacin samu shi ne azumi da gabanin babbar salla, sa'ad da kake kwana a kan keke. A makonnin nan ka ninka zubi sau uku ko huɗu, ranar da kasuwa ta yi sanyi ka sassauta. Da yayyafi kogi ke cika.

Ba zan ɓoye maka rauninsa ba. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma a irin wannan shekara ribar asusu ba ta cika kamo tsadar kaya ba. Dubun yau ba za ta sayi abin da take saya ba nan da shekara goma. Saboda haka kada ka sayar da gona ko keke don ka zuba, kada kuma ka fita daga adashi. Ka riƙe gonarka, ka koya wa yaran nan sana'a, ka riƙa ƙara zubinka duk lokacin da kuɗin ɗinki ya ƙaru.

Ɗan uwa, idon da ya fara neman mai zura zare yana yi maka sallama ne a hankali. Ka je a duba shi a asibiti, tabarau na iya ƙara maka shekaru a kan keke. Sannan ka buɗe asusun nan tun hannunka na da ƙarfi, ka fara da ko ɗari biyar a Alhamis mai zuwa. Allah ya sa albarka a cikin sana'arka, ya ba mu zaman lafiya da tsufa mai mutunci.