Shawara Ga Ɗalibi Mai Son Zama Marubuci

Ɗan'uwa ɗalibi, idan kana son alƙalaminka ya yi kaifi, fara da karatu. Nemi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933. Sannan ka karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ka ga yadda ta shiga gidan aure ta fito da abin da ke ƙunshe a cikinsa. Kada ka yi karatun shan iska. Tsaya ka lura da yadda kowannensu ya buɗe labari da inda ya rufe shi.

Na biyu, labarinka yana tsakar gidanku. Zauna kusa da kakarka tana tsinkar zogale, ka saurari yadda take jefa karin magana cikin hira. Shiga kasuwa ka ji yadda mai hatsi da mai saye suke ja-in-ja kan kwanon gero. Ajiye ɗan littafi a aljihu, ka riƙa rubuta maganganun nan da zafinsu.

Na uku, kiyaye ƙa'idar rubutu. Kada ka yar da ƙugiya: “baki” daban, “baƙi” daban.

A ƙarshe, rubuta kullum ko da shafi ɗaya ne, ka karanta wa abokanka da babbar murya. Duk inda harshenka ya sarƙe, nan ake neman gyara. Sannu ba ta hana zuwa.