Kula da Ƙananan Madatsun Ruwa a Arewacin Kano: Darasi Daga Bagauda

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda ake kula da ƙananan madatsun ruwa na ƙasa, musamman waɗanda jama'a ke zuwa shaƙatawa a bakinsu. Za a nuna cewa madatsa ba ta faɗuwa dare ɗaya, kuma mutanen da ke zaune kusa da ita su ne masu fara ganin ciwonta, in dai an sanar da su abin da za su duba.

Asalin Madatsun

Gwamnatin Audu Baƙo (1967 zuwa 1975) ita ce ta ɗora harsashin gina madatsun ruwa a Jihar Kano, farin da aka sha a 1973 kuma ya ƙara wa aikin ƙaimi. Tsakanin 1975 da 1980 aka samar da madatsar Tomas ta wajen Ɗambatta, da ta Jakara a Wasai ta ƙasar Minjibir, da ta Watari a Bagwai. Duk da ƙasa aka yi su, wato an tara yumɓu an daddaɓe shi hawa-hawa har ya zama ganuwa mai tare ruwa. Domin noman rani da ruwan sha aka gina su, amma masunta da makiyaya da samari masu iyo duk sun sami rabonsu. Yankin kuwa cike yake da jama'a, gona na jingine da gona, saboda haka in ganuwa ta ɓalle babu dajin da ruwan zai bi, sai gonaki da gidaje.

Abin da ya Faru a Bagauda

Ko da yake Bagauda a kudancin birnin Kano take, ita ce misalin da ya fi dacewa, domin tafkinta ya yi suna wajen shaƙatawa, har aka gina masaukin baƙi a gefensa. An kammala madatsar wajen 1970. A watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa, ganuwar ta ɓalle, ruwa ya ci gidaje da gonaki da dabbobi, aka kuma rasa rayuka. Ganin haka ne ya sa a 1992 aka rage tsayin mafitar rarar ruwa ta madatsar Tiga, don a sassauta wa ganuwarta nauyi. Ɓallewar madatsar Alau a Maiduguri a Satumba 2024 ta sake tuna mana cewa wannan magana ba ta tsufa ba.

Abokan Gaban Ganuwa

Hanyoyi biyu ne ruwa ke bi ya karya ganuwar ƙasa. Ta farko ita ce ya haura ta samanta. Wannan yakan faru idan ciyawa da yashi sun toshe mafitar rarar ruwa, ko kuma laka ta cike cikin tafkin har wurin ajiyar ruwa ya ragu. Da zarar ruwa ya haura, sai ya riƙa zaizaye bayan ganuwar har ya yanka ta.

Hanya ta biyu ta fi haɗari, domin a ɓoye take. Ruwa yakan sami 'yar kafa a cikin ganuwa, yana ɗibar ƙasa kaɗan-kaɗan, kafar tana faɗi. Masu buɗe masa wannan kafa kuwa sanannu ne ga kowane manomi: gara da ke gina suri, gafiya da ke haƙa rami, da saiwar itatuwa irin su darbejiya da bagaruwa, wadda in ta ruɓe takan bar gurbinta a buɗe. Haka kuma sawun shanu yakan kashe ciyawar da ke riƙe ƙasa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alamomin da ya kamata a lura da su su ne tsagewa ko lotsawa a saman ganuwa, da danshi a bayanta cikin rani, da ciyawa kore shar a inda sauran suka bushe. Mafi muni shi ne a ga ruwan da ke tsattsafowa ya yi gurɓi. Ruwa garau yoyo ne kawai, amma mai laka yana nufin ganuwar ce ke fita.

Lafiyar Masu Shiga Ruwa

Tsaron madatsa bai tsaya ga ganuwa ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, jirgin ruwa da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a tafkin Watari da lodin da ya fi ƙarfinsa. Fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Ƙayyade yawan fasinja, da tanadin rigar ruwa, da hana tafiya bayan magariba su ne maganin irin wannan. A Wasai kuma matsalar daban ce, domin kogin Jakara yana kwaso dattin birni da na masana'antun Bompai ya zuba a tafkin. Ga kuma cutar tsargiya da ke kama yara masu wanka a ruwan da ba ya gudu.

Kammalawa

Injiniyoyin hukuma ba sa kwana a bakin madatsa, amma masunci da mai lambu kullum suna can. Ya kamata a koya wa Sarkin Ruwa da dagaci da masu unguwa waɗannan alamomi, a kuma sanar da su ofishin da za su kai rahoto. A nan ne aiki ya faɗo kan ɗaliban Hausa, domin yawancin bayanan kula da madatsu da Turanci aka rubuta su. Wajibinmu ne mu samar da kalmomin da manomi zai gane, mu shirya su a allunan gargaɗi cikin boko da ajami, mu kuma kai su gidajen rediyo kafin damina ta kama.