Kada Ka Yi Wa Mutane Kuɗin Goro

Karatun Yau: Yohanna 1:43-51, Ayyukan Manzanni 10:24-35
Ayar Haddacewa: 1 Sama'ila 16:7

Gabatarwa

Idan ka shiga kasuwar Shuwarin ko ka zauna a tashar Kiyawa kana jiran motar Dutse, ka kasa kunne ka ji yadda muke zancen juna. Wani ya ce Bafillatani ba ya yafiya, wani ya ce Ibo kuɗi ne ubangijinsa, wani kuma ya ce duk almajiri ɓarawo ne. Hausawa suna kiran wannan kuɗin goro: a ɗauki halin mutum ɗaya a shafa wa dukan danginsa, ko ƙabilarsa, ko addininsa. Darasinmu na yau zai nuna maka cewa wannan zunubi ne mai tsada, kuma Ubangiji ya tanada mana maganinsa.

1. Mai gaskiya ma yakan faɗa ciki

Sa'ad da Filibus ya kawo wa Nata'ala albishir cewa sun sami wanda Musa da annabawa suka yi zancensa, Nata'ala bai tambayi abin da Yesu ya koyar ko ya aikata ba. Sunan Nazarat kawai ya ji, ya yanke cewa alheri ba zai fito daga can ba. Ka lura, Yesu da bakinsa ya shaida cewa Nata'ala mutum ne marar ha'inci. Ashe kana iya zama mai azumi da addu'a, mai ba da zakka, amma kuɗin goro na kwance a zuciyarka, domin tun kana yaro ka tsotse shi a hirar gida. Saura kaɗan Nata'ala ya rasa Mai Ceto saboda sunan wani ƙauye.

Haka annabi Sama'ila ya dubi tsayin Iliyab ya ɗauka shi ne sarkin da Allah ya zaɓa, alhali zaɓaɓɓen yana daji yana kiwon tumaki.

2. Daga baki yake farawa

Barkwanci da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zage-zagi, wasa ne na waɗanda suka san juna, kowa ya tsokani ɗan'uwansa a yi dariya a rabu lafiya. Kuɗin goro dabam yake. Shi yakan shafe fuskar mutum ya bar suna kawai, kuma wanda aka shafe wa fuska ba a jin nauyin cutar da shi.

A watan Satumba 2006, zargin ɓatanci da aka yi wa mutum ɗaya a Dutse ya jawo aka ƙone majami'u da shaguna na mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Laifinsu kawai shi ne suna ɗaya suke amsawa da wanda ake zargi.

A watan Maris 2025 kuma, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare wata mota ɗauke da mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano bikin Sallah. Da aka ga bindigogin farauta, aka ji Hausa a bakinsu, sai aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Mutum 16 aka kashe ba tare da an kai su gaban alƙali ba. An daɗe da yanke musu hukunci a zukata kafin motarsu ta iso garin.

Ƙasar Ruwanda ta ga ƙarshen wannan hanya a 1994. An yi ta kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai a rediyo, har maƙwabci ya daina ganin maƙwabcinsa mutum. Cikin kwana 100 aka hallaka kimanin mutum 800,000, da yawansu a cikin majami'un da suka gudu neman mafaka. Abin kuka shi ne yawancin mutanen ƙasar Kiristoci ne. Zuwa sujada kaɗai bai hana su ba.

3. Ka san zafinsa, kada ka ɗana wa wani

Kai Bahaushe mai bi, ka fi kowa sanin wannan ciwo. A gida a ce maka arne, a ce ai Bahaushe ba ya zama Kirista. Ka sauka Kudu neman abinci, a kira ka "aboki" da bakin raini, wani ma ya matsa gefe yana tsoron ko kai ɗan Boko Haram ne. Kai kuma ɗan'uwa da aiki ko kasuwanci ya kawo ka Jigawa, an sha yi maka hukunci kafin ka buɗe baki.

To me ya sa mu ma muke auna wa wasu da mudun nan? In shanu suka shiga gonar gero ta wani a cikinmu, kafin gari ya waye dukan rugagen yankin sun zama maƙiya. In wani Musulmi ya cuce mu, sai mu manta da wanda ya ranta mana taki da damina, da maƙwabciyar da ta kwana tare da mu a asibiti. Ana cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma a gaban Allah kowa laifin kansa zai ɗauka (Ezekiyel 18:20). Ka kai ƙarar wanda ya yi ɓarnar wurin mai unguwa ko hukuma, ka kira shi da sunansa, ka bar danginsa.

A cikin ikkilisiya ma ciwon yana nan. Akwai wanda aka hana aure don ƙabilarsa. Akwai sabon tuba da ake yi wa kallon ɗan leƙen asiri har ya gaji ya koma. Akwai gwauruwa da ake raɗa ita ta cinye mijinta. Manzo Yakubu ya kira nuna bambanci zunubi kai tsaye (Yakubu 2:9).

4. Magani

Filibus bai tsaya jayayya da Nata'ala ba, ya gayyace shi ya je ya gani da idonsa. Kuɗin goro daga nesa yake ƙiba, in an matso kusa sai ya rame.

Bitrus ya tashi da koyarwar cewa Bayahude ba ya shiga gidan al'ummai. Sai da Allah ya nuna masa wahayi sau uku a Yafa kafin ya yarda ya taka zuwa Kaisariya, gidan Karniliyas, hafsan sojan Roma. Yana cikin wa'azi Ruhu Mai Tsarki ya sauko a kan mutanen da ya ɗauka marasa tsarki ne. Mu da muke neman cikar Ruhu, mu tuna cewa ran Fentikos taron ya yi mamaki da Galilawan da aka raina ne ke magana da harsunan al'ummai. Ba ya yiwuwa harshe ɗaya ya yi addu'a cikin Ruhu da safe, da yamma ya aibata ƙabila guda.

Ba za ka iya kai bishara ga wanda ka riga ka yanke wa hukunci ba.

Aikin Wannan Mako

Ka daina fara magana da "ai duk su haka suke". In saƙo ya shigo maka ta WhatsApp yana ɗora laifi a kan wata ƙabila ko addini, ya tsaya a wayarka. Ka kuma zaɓi mutum ɗaya daga cikin waɗanda kake ƙyama, ka je ka gaishe shi, ka san sunansa da na 'ya'yansa.

Tambayoyin Nazari

1. Wace magana ce game da wata ƙabila ka gada daga gida ba tare da ka gwada ta ba?
2. Me ya sa Yesu ya zaɓi Basamariye ya zama misalin maƙwabci a Luka 10?
3. Wa zai ji kansa baƙo in ya shigo majami'arku ran Lahadi?

Addu'a

Ya Uba, kai da kake duban zuciya, ka gafarta mana inda muka hukunta bayinka saboda suna da harshe. Ruhu Mai Tsarki, ka tsarkake bakunanmu, ka tumɓuke kowane tushen ƙiyayya da muka gada. Ka ba Kiyawa da Dutse da dukan Jigawa salama. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.