Atisayen Damisa: Darasi Daga 1966

'Yan'uwana ɗalibai, Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ta faru ga sojan Nijeriya a 1966.

Wasu manjoji ne suka ƙulla asiri tsakaninsu, ba da sanin manyansu ba. A Kaduna, Manjo Nzeogwu ya fita da ƙananan sojoji da sunan atisayen dare, wai shi Damisa. Kafin gari ya waye ran 15 ga Janairu an kashe Sardauna Ahmadu Bello. A Ikko kuma aka hallaka Abubakar Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari.

Maganar ba ta tsaya nan ba. Ran 29 ga Yuli sojojin Arewa suka rama, aka kashe Janar Ironsi a Ibadan. Yaƙin basasa ya biyo baya, daga 1967 zuwa 1970.

Ashe ƙungiyar asiri cikin soja kishiyarta take haifarwa, talaka ya sha wuya. Ku tambayi dattawan Ikara da Makarfi da Kudan, ku ji. Allah Ya kiyaye gaba, amin.