Tiya Biyu a Rumfa Ɗaya

Wani ɗan'uwa mai awon hatsi daga Sule Tankarkar ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, ba na fashin sujada, zakkata kuma ba ta taɓa makara ba. Amma tiyata biyu ce. Da babbar nake sayen gero da riɗi a ƙauye, da ƙaramar nake sayarwa. In na daina, ba zan fita ba. Sai dai duk daren da na buɗe Littafi Mai Tsarki ina yi wa yara karatu, zuciyata ba ta kwanciya. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, rashin kwanciyar zuciyar nan alheri ne, kada ka nemi maganin da zai kashe shi. Ka riga ka san abin da Allah ya ce. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aka sake fassara shi a 1980, don haka babu Bahaushen Kirista da zai ce magana ta zo masa da baƙon harshe. Maimaitawar Shari'a sura 25 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, ko a jaka ko a gida. Annabi Amos, a sura 8, ya yi kaca-kaca da 'yan kasuwar da ke ƙosawa Asabar ta wuce don su koma tauye mudu, har da sayar da ɓuntu a cikin alkama. Kamar a bakin rumfarka aka rubuta.

Inda ka tsaya ka ambaci zakkarka, nan ne ciwon yake. Ka tuna Sarki Saul a 1 Sama'ila sura 15. An ba shi umarni sarai, ya cika rabi, ya keɓe tumaki da shanu masu ƙiba, ya ce ai hadaya za a yi wa Ubangiji da su. Sama'ila yana isowa, kukan tumakin ne ya fara tona asiri. Hukuncin da ya yanke shi ne biyayya ta fi hadaya, kuma a kan wannan Saul ya rasa sarauta. Kuɗin da kake sakawa a kwanon baiko ran Lahadi, in daga gindin ƙaramar tiya ya fito, hakkin wata tsohuwa ne da ta daka geronta ya kasa kai ta dare. Baiko ba ya wanke shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a ƙasar Gumel. Mu Kirista kaɗan ne, kowa ya san fuskar kowa. Maƙwabcinka Musulmi ba zai shiga majami'a ya ji wa'azin fasto ba, amma duk mako yana kallon hannunka a kan tiya. Shi ma a littafinsa akwai sura guda da aka sa wa sunan masu tauye awo, ya san laifin tun yana makarantar allo. Ranar da ya gano ka, ba sunanka kaɗai zai kira ba.

To, abin yi. Ɗauki ƙaramar tiyar yau ɗin nan ka fasa ta. Kada ka ɓoye ta a bayan buhu, don ranar da kasuwa ta yi sanyi hannunka zai lalubo ta. Ka riƙe guda ɗaya, wadda aka sani a kasuwa, ka saya da ita ka sayar da ita.

Sannan ka zauna da biro ka yi lissafi na gaskiya: kuɗin saye, kuɗin mota zuwa Maigatari ran Alhamis, na 'yan dako, da la'adar dillali. Ka ɗora ribarka a kan farashi, a fili, inda mai saye zai iya tayawa ko ya wuce. Ciniki halal ne, ɓoye riba a gindin kwano ne sata. Ba zan yi maka alkawarin cewa Allah zai ninka maka nan da wata guda ba. Masu irin wannan alkawari sun yi yawa, ni ba na cikinsu. Mai yiwuwa a makonnin farko ribar ta ragu, har ka rage wani abu a cefane. Ka faɗa wa maiɗakinka tun da wuri don kada abin ya zo mata ba shiri.

Saura mai wuyar, wato mayarwa. Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura 19, bai tsaya a kan nadama ba, ya ɗauki alkawarin biyan wanda ya cuta ninki huɗu. Manoman da ka daɗe kana saye a hannunsu ka san su, ka san ƙofar gidajensu. Ka je, ka faɗi abin da ya faru, ka biya gwargwadon ƙarfinka, ko da kaɗan-kaɗan ne. Waɗanda ba za ka iya ganowa ba, ka auna rabonsu ka kai wa gwauraye da marayu. Kunya za ta kama ka, amma kwana biyu ne.

Kada kuma ka yi wannan kai kaɗai. Ka sami dattijo ɗaya a ikilisiya wanda bakinsa ke da nauyi, ka gaya masa, ka ba shi izinin zuwa rumfarka ba sanarwa ya ɗaga tiyarka ya duba. Ka je wurinsa kafin Alhamis mai zuwa.