Ƙwayar Cuta da Bakteriya: Ba Duka Aka Taru Aka Zama Ɗaya Ba

A wurin Bahaushe, ƙwaya ita ce guda ɗaya daga cikin abu mai yawa, kamar ƙwayar gero ko ta masara. Da ilmin asibiti ya zo, sai aka ɗauki kalmar aka ce "ƙwayar cuta", watau ƙanƙanuwar halitta wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Amma sunan nan ya haɗa iri-iri, kuma wajibi ne jama'a su san bambancinsu.

Iri na farko shi ne bakteriya. Asalin kalmar daga harshen Girka ne, ma'anarta 'yar sanda, domin da yawansu haka siffarsu take. Duk jikinta ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Tana hayayyafa ta hanyar rabewa biyu, wasu a kowane minti 20. Ke nan guda ɗaya tana iya zama fiye da miliyan 2 cikin awa 7. Wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu a 1676. A 1882 Robert Koch na Jamus ya gano wadda ke kawo tarin fuka. Kwalara da taifot su ma aikin bakteriya ne, kuma gurɓataccen ruwa ne babbar hanyarsu. Garin Suleja ya yi suna da ginin tukwane, a can Ladi Kwali ta shahara, amma kome kyan tulu, ruwan da ake shakkarsa sai an tafasa.

Sai dai ba kowace bakteriya ce cuta ba. Nonon da Fulani ke kawowa kasuwar Suleja, bakteriya ce ta tsinka shi ya yi tsami. Daddawar kalwa ma ita ke nunar da ita. Kiran waɗannan "ƙwayar cuta" kuskure ne.

Haka kuma ba kowace ƙwayar cuta ce bakteriya ba. Mura da ƙyanda bairus ke kawo su. Zazzaɓin cizon sauro kuwa wata halitta ce dabam ke haddasa shi.

Amfanin sanin wannan a fili yake. Magunguna irin su fenisilin bakteriya kaɗai suke kashewa. Wanda ya sayi kafso ya sha don mura ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma taimaki bakteriya ta saba da magani har ya daina cinta. Saboda haka kada a sha irin wannan magani sai da izinin likita, a kuma sha shi daidai yadda ya umurta. Rigakafi ya fi magani.