Me Ya Sa Mata Suka Fi Maza Kilisa a Ingila?

A nan Katsina, da an ce doki sai mu tuna Hawan Sallah da ƙwallon doki da Sarki Muhammadu Dikko ya kawo. Maza ne a kan sirdi, domin doki a wurinmu kayan yaƙi da sarauta ne.

A Ingila kuwa mata sun fi yawa wajen kilisa. Da mota da tarakta suka karɓe aikin doki, maza suka koma wa inji, 'yan mata suka cika makarantun koyon hawa. A gasar Olamfik ta 1952, Lis Hartel ta Denmak ta zo ta biyu duk da cutar shan inna.

Ashe al'ada ke zaɓen mahayi, ba ƙarfi ba. 'Yan'uwa ɗalibai, me tarihin Sarauniya Amina ya koya mana?